Marash da Yashin Oktoba

Sana'ar Marash binne mutane ce, amma da ransu. Duk wanda ya taɓa sauka Velipoja, garinmu na bakin teku, da ciwon gwiwa ko sanyin ƙashi ya san shi: gajeren mutum mai faɗin kafaɗa, malafa a ka, shebur a hannu, rana ta gasa masa ƙeya har ta koma kamar tsohuwar jakar fata. Tun ƙarfe shida yake fitowa ya haƙa ramuka marasa zurfi a jere cikin baƙin yashin nan namu, ya bar rana ta dafa su. Wajen sha ɗaya tsofaffi su fara isowa suna dogara sanda. Ya kwantar da mutum, ya rufe shi da yashi mai zafi tun daga yatsun ƙafa har ciki, ya bar ƙirji a buɗe saboda zuciya, ya kafa masa laima, ya ɗora masa jiƙaƙƙen ƙyalle a fuska. Bayan minti goma sha biyar ya tono shi yana gumi sharkaf, ya naɗe shi cikin bargo, ya kuma gargaɗe shi cewa in ya kuskura ya taɓa ruwan teku yau, to kada ya sake nuna masa fuska.

In kuwa maganar lokacin da ya fi dacewa a zo teku ce, Marash ba ya jiran a tambaye shi. "Masu son wanka su zo Yuni, ruwa garau, ba cunkoso," in ji shi. "Masu ƙananan yara su bari sai farkon Satumba. Amma mai ciwon ƙashi wata ɗaya tak gare shi a shekara: daga tsakiyar Yuli zuwa idin Maryamu da ake yi a coci a tsakiyar Agusta. Kafin nan yashi bai nuna ba, bayan nan ya mutu." Haka yake faɗa wa baƙin da ke zuwa daga Kosovo, da direbobin bas, har da wanda ya tsaya tambayarsa hanya kawai. Mun ji shi har mun haddace.

Mutum ɗaya ne a duniya bai taɓa faɗa wa wannan gaskiyar ba, ita ce yayarsa Drane. Ita Oktoba ya ce mata. Shekara goma sha tara yana ce mata Oktoba.

An haifi Marash can sama, a wani ƙauye mai gida tara cikin tsaunukan Puka, inda dusar ƙanƙara ke toshe hanya wata huɗu. Yana da shekara uku uwarsu ta rasu, Drane tana da sha huɗu, sai ta zama ita ce uwar. Dada yake ce mata, yadda ake kiran babbar ya a can, kuma har ya yi furfura bai sauya ba. Ita ta riƙa goya shi zuwa makarantar ƙauyen ƙetare, ƙanƙara na kai mata gwiwa. Ita ta riƙa durƙusawa bakin rafi mai sanyin da ke yanka fata tana wanke masa wando. Ranar da gatari ya zame ya sare ta a gwiwar hagu, itacen dafa masa madara take faskarawa. Ba ta taɓa yi masa gori ba ko sau ɗaya, kuma da ta yi, da abin ya fi masa sauƙi.

Da tsohuwar gwamnati ta rushe, mutanen tsauni suka gangaro bakin teku kamar tumakin da aka buɗe wa shinge, kowa ya kafa turaku inda ya ga fili. Marash ya sauko da matarsa Tereza da 'ya'ya biyu da katifa ɗaya. Drane ta zauna can sama da mijinta da awakinta. Ya gina ɗaki ɗaya, ya ƙara na biyu, a hankali har huɗu, katakon rufin ma daga bishiyoyin mijin Drane aka saro shi.

A nan kowa ya san yadda ake yi in Yuli ya kama. Babu gadon da ke kwana ba baƙo, har gadon maigida. Masu gida su kwashe tukwanensu su koma gareji, su shimfiɗa katifa tsakanin injin wanki da tsofaffin tayoyi, domin abin da aka samu cikin makonni shidan nan shi za a ci har wata shekara. Ba wanda ke jin kunyar wannan, duk layinmu haka muke yi.

Shekarar da ɗaki na huɗu ya samu ƙofa, Drane ta kira shi a waya.

"Marash, ɗan autana, likita ya ce gwiwoyin nan sai yashi mai zafi. Yaushe zan zo?"

Ashirin ga Yuli ne. Yana tsaye a ƙofar gareji, yana kallon tawul ɗin iyali huɗu a shanye a barandarsa. Da ya ce, "Dada, gida a cike yake, amma zo mu matsu a gareji," da ta zo da murnarta. Matar da ta sha kwana da awaki cikin hunturu ba gareji ne zai ba ta tsoro ba. To amma ɗan tsauni ya kwantar da yayarsa kusa da taya, baƙi na miƙe a kan gadajensa? Girman kai ya ce a'a. Ya sallami iyali guda ya ba ta ɗaki? Nan kuma kwaɗayi ya ce a'a. Sai bakinsa ya nemo masa hanya ta uku.

"Yanzu, Dada? Ai yanzu hauka ake yi a nan. Zafi, hayaniya, ko wurin sa ƙafa babu. Bari sai Oktoba. Lokacin yashi ya gama shan ranar shekara duka, ya riƙe ta a cikinsa. Mu da muka san kan abin Oktoba muke jira."

"To, ai kai ka sani," in ji ta.

Kada wani ya ɗora wa Tereza laifi, don na ji masu yi. Yana ajiye wayar ta dube shi ta ce, "Marash, ka kuwa ji abin da ya fito daga bakinka?" Ya ce bana kaɗai ce, baɗi zai gyara. Baɗin ta zo ya sake cewa baɗi.

Duk mako na biyu na Oktoba sai ga Drane ta sauko daga ƙaramar bas da kaya niƙi-niƙi: cuku, wake, zuma, garin masara, da baƙar safar ulu mai jan zare a baki, irin saƙar ƙauyensu, tasa da ta Tereza. Lokacin gari ya watse. Shaguna a rufe, an naɗe laimomi, karnuka ne kawai ke yawo a bakin ruwa, iska mai danshi na busowa daga teku. Ya ba ta ɗakin baranda, wanda ya fi kowanne kyau, ya sayo kifi mafi girma a wurin masunta, ya yi ta rawar jiki kamar mai sabon suruki. Da safe kuma ba makawa ya ɗauki shebur ya kai ta bakin teku, tunda yashin ta zo yi. Ya haƙa rami, ya kwantar da ita cikin yashi mai sanyi kamar gindin randa, ya rufe ta, har laima yake kafa mata alhali babu rana. Ya tsaya yana duba agogo, yana kallon teku don kada ya kalle ta. In ya tono ta leɓɓanta sun yi shuɗi, haƙoranta na haɗuwa.

"Yaya kika ji, Dada?"

"Kai, na ji sauƙi sosai. Hannunka da magani, Allah ya yi maka albarka."

Wata shekara ma ta zo da mata biyu na ƙauyen, ta cika musu baki cewa ƙanenta ne gwanin yashi a Velipoja kaf, kuma shi da bakinsa ya ce Oktoba. Haka ya binne su su uku a jere, ana yayyafi, masunta na wucewa da raga suna kallo. Ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Marash, waɗannan dasa su kake yi su tsiro da bazara?" Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi yaƙe, kunnuwansa na zafi.

Gwiwoyin kuwa kullum ƙara kumbura suke. Sanda ɗaya ta zama biyu, yana gani. Sau nawa ya ɗauki waya a watan Yuni da niyyar ya ce mata ta shirya ta zo? Sai ya tuna in ya ce mata Agusta yanzu, ya faɗa mata ke nan abin da ya yi mata duk shekarun baya. Sai ya tambaye ta lafiyar awaki ya kashe wayar. 'Ya'yansa suka girma suka tafi Italiya aiki, gidan ya samu bene, ƙaryar tana nan inda ya ajiye ta.

Bakin tekunmu dogo ne. Marash na aiki a tsakiya, can ƙarshe kuma wajen tafki akwai wani mai shebur, Prel, shi ma ɗan tsauni ne. Tafiyar minti arba'in ce tsakaninsu a ƙafa, kuma ba mai shiga gonar wani. A Agustan shekara ta sha tara, saura kwana uku idi, Prel ya kira shi da hantsi.

"Marash, bayana ya riƙe, ko tari ba na iyawa. Tsofaffina shida na jira. Taimaka ka rufe mini su yau."

"Kai da kake yawo kana cewa ka fi ni iya riƙe shebur?"

"Zo dai, ɗan'uwa, ka yi mini gorin daga baya. Na haƙa ramukan kafin abin ya kama ni."

Marash ya sallami nasa da wuri, ya hau keke. Ya tarar duk sun kwanta cikin ramukansu, kowa da jiƙaƙƙen ƙyalle a fuska, don sun saba. Ya fara da na farko. Wani magidanci daga Tirana, babban birni, mai baƙin tabarau, wanda ya kawo mahaifinsa, ya biyo shi da tambaya.

"Kawu, mahaifiyata ma tana fama da ƙafa, amma ba ta son cunkoso. In bari sai Oktoba in kawo ta?"

Marash bai ko ɗaga kai ba, baki ya kama abin da ya saba. "Oktoba? Ɗana, yashin Oktoba ai kabari ne. Sanyi zai ƙara mata, ba ragewa ba. Duk wanda ya kwantar da tsohuwarsa cikin yashin Oktoba, ka ce in ji Marash, ba ƙaunarta yake yi ba." Da ƙarfi ya faɗa, yadda duk layin zai ji, har wani tsoho ya yi dariya daga ƙarƙashin ƙyallensa. Na lura mai irin wannan laifin ya fi kowa ɗaga murya a kansa.

Ya matsa rami na huɗu. Tsohuwa ce siririya, ta naɗe baƙar rigarta zuwa saman gwiwa. Sanduna biyu na ajiye a gefenta, a kansu an ninke baƙar safar ulu mai jan zare a baki. Ya kalli safar. Ya kalli gwiwar hagu, ga farin tabon gatari kwance a karkace.

Shebur ya tsaya masa a sama, yashi na zubowa kaɗan-kaɗan. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, ga shi kuwa shi ne mai haƙa ta.

Drane ba ta cire ƙyallen ba. Daga ƙarƙashinsa ta ce, "Zuba mana, Marash. Rana na wucewa."

"Dada."

"Na'am."

"Tun yaushe?"

"Bana ta huɗu ke nan. A gidan Prel nake sauka, ɗakin bayan kicin. Matarsa mutuniyar kirki ce, sai dai hannunta da gishiri."

Ya durƙusa cikin yashin. Ya rage murya ya ce, "Wa ya faɗa miki?"

"Wa zai faɗa mini? Ni da na shekara kusan saba'in ina taka ƙasa ban san mai zafi da mai sanyi ba? Tun Oktoban farko na sani. Na shiga garejinku neman tsintsiya na ga katifa a jingine, na gane inda kuke kwana da zafi. Na ce yaron nan yana da 'ya'ya a makaranta, in na buɗe baki kunya zan ba shi a gaban matarsa. Da gwiwar ta matsa mini, na ce to bari in lallaɓo ta bayan gari."

"To me ya sa kika ci gaba da zuwa Oktoba? Kina kwanciya cikin wannan sanyi, ina tsaye a kanki…"

"Da in ce na daina? Ai sai ka gane na gane. Kuma Oktoba ne kake da lokacin zama mu sha gahawa."

"Tashi mu tafi gida. Yanzun nan zan fitar da na ɗakin baranda."

Sai a nan ta yaye ƙyallen, ta dube shi da idon nan da take dubansa yana ƙarami in ya shigo da laka a ƙafa. "Ka kori baƙo daga gidanka? A gidan uban wa ka koyi wannan? Rufe ni ka wuce na gaba, bayin Allah na gasuwa."

Ya rufe ta. Karo na farko cikin shekara goma sha tara ya zuba wa yayarsa yashin gaske. Ya ajiye shebur, ya riƙa tara shi da tafin hannu a kan gwiwoyin nan biyu, yashin na ƙona masa fata bai janye ba. Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Ashe ka fi Prel iyawa," in ji ta. "Shi zubawa yake kamar mai cika buhu."

Magidancin Tirana ya matso. "Kawu, ka san ta ne?"

"Yayata ce."

"Kai, ta yi sa'a! Gwani a gida."

Drane ta mayar da ƙyallen fuskarta ta ce, "Na yi sa'a ƙwarai."

A hanyar komawa ya hangi Prel zaune a shagon gahawa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, bayansa lafiya lau. Prel bai kau da kai ba. "Shekara huɗu ina riƙe da bakina," in ji shi. "Ya gaji." Marash ya tura kekensa ya wuce. Sai a lokacin ya fara tunanin su wa da wa suka sani: direban bas, mai burodi, masunta, rabin layinmu. Ni ma na sani, kuma ina gaishe shi kowace safiya. Tereza ce kaɗai ba ta sani ba. Da ya faɗa mata ba ta ce ai ta gaya masa ba. Ta ajiye ludayi ta shige gareji ta turo ƙofa.

Oktoban shekarar Drane ta zo kamar kullum da cukunta da safarta. Ba wanda ya taɓa shebur. Suka zauna a baranda suna shan gahawa, ta yi ta ba shi labarin awaki, shi kuma ya kasa kallonta ido cikin ido. Ranar da za ta hau bas ya riƙe ƙofar ya ce, "Dada, baɗi daga tsakiyar Yuli ɗakin baranda naki ne, har idi."

"In Allah ya kai mu," in ji ta.

Ya cika alkawari. Iyalin Kosovo da suka shekara goma suna sauka a ɗakin nan ya ba su haƙuri ya tura su gidan maƙwabci. Tereza ta wanke zanen gado, ta ajiye tulun ruwa. Ranar sha biyar ga Yuli ya kira ta, ta ce mako mai zuwa. Mako mai zuwa ta ce bari ta ɗan ƙara jin ƙarfi. A karo na uku surukarta, matar ɗanta, ce ta ɗauka, ta faɗa masa gaskiya: tun hunturu tsohuwar ba ta iya zuwa ko ƙofar gida sai an riƙe ta, daga ƙauyen zuwa inda bas ke tsayawa kuwa tafiyar kusan awa guda ce a ƙafa, kan duwatsu. Ɗakin ya zauna a kulle wata guda, masu neman masauki na ƙwanƙwasa ƙofa yana ce musu a cike yake.

Ranar idi, wadda a lissafinsa ita ce rana ta ƙarshe, ya fita da tsakar rana ya ɗebi yashin da ya fi zafi ya cika buhu, ya naɗe shi da barguna uku. Ya hau bas zuwa Shkodra, ya sauya wata zuwa Puka, ya samu wadda ta kai shi ƙarshen hanya. Daga nan ya saɓa buhun a baya ya kama hawan dutse, yana da shekara sittin ba ɗaya. A farkon hawan yana jin ɗumin buhun a gadon bayansa. Kafin ya kai rafin da take masa wanki ya daina ji, amma bai tsaya ba.

Ya tarar da ita kan gado kusa da taga, la'asar ta yi. Ya sauke buhun, ya warware bargunan, ya kwance bakin.

"Na yau ne, Dada. Da tsakar rana na ɗebo. Na Agusta ne."

Ta zura hannu ciki har wuyan hannu, ta juya shi, ta daɗe tana murza yashin tsakanin yatsunta. Sa'an nan ta dube shi ta yi murmushi.

"Ka gani? Sanyinsa ɗaya da na Oktoba. Ashe ba wani bambanci, ɗan autana. Ba ƙarya ka yi mini ba."

Ya tashi ya ɗauko tukunyar wakenta, ya zuba yashin, ya ɗora kan murhu. Ya daɗe yana juya shi da cokalin katako, ya ba ta baya don kada ta ga fuskarsa.

Drane ba ta sake saukowa teku ba. Marash yana nan yana binne tsofaffinsa, ɗakin baranda kuma a kulle yake kowace shekara daga tsakiyar Yuli zuwa idi. In baƙo ya tsayar da shi ya ce, "Kawu, wane lokaci ya fi kyau a zo?" sai ya gyara malafarsa ya nuna can ƙarshen gaɓa da shebur.

"Je ka tambayi Prel," in ji shi.